WAI DA BUHUN SHINKAFA AKE SAYEN SU?



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu, a gidan biki, a gidan suna, a cikin mota, har a wasu wuraren wa'azi. Da zarar an ji labarin wani ƙauye a ƙasar Kano ko Katsina inda Maguzawa suka shiga coci, ko aka ji wata baiwar Allah ta ɗauki ɗanta ta nufi asibitin mishan, sai ki ga an taɓe baki an ce, "Yo ai kuɗi ake ba su. Da buhun shinkafa da gwanjo ake sayen su." Shi ke nan an kashe magana, kowa ya koma kan tuwonsa hankali kwance. To ni yau da wannan maganar na zo yin faɗa, domin magana ce mai sa barci. Tana zubar da mutuncin maƙwabtanmu, mu kuma tana rufe mana ido daga ganin inda ɗakinmu yake yoyo.

Kafin wani ya ce marubuciya ta saki layi, bari in faɗa da babbar murya: ni Musulma ce, 'yar Musulmi, jikar Musulmi, kuma a kan haka nake roƙon Allah ya karɓi raina. Ban ɗauki biro don in auna aƙidar wani da ta wani ba, wannan fagen malamai ne. Abin da zan yi magana a kai shi ne yadda coci take riƙe mutanenta ranar haihuwa, ranar aure, ranar ciwo da ranar mutuwa, da yadda suke tafiyar da addu'a a tsakaninsu. Na yi makarantar kwana da 'ya'yansu, na zauna gidan haya da matansu shekara da shekaru, bango ɗaya ya raba ɗakunanmu, igiya ɗaya muke shanya. Aikin marubuci kuwa kallon mutane ne. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Mu fara da haihuwa. A tsofaffin coci-cocin Arewa, irin su ECWA da COCIN da HEKAN da EYN da Katolika da Angilika, akwai ƙungiyar da ake kira Zumuntar Mata. Duk wadda ta taɓa zama a Sabon Gari ko Wusasa ko Jos ta san su, masu zane da ɗankwali iri ɗaya, suna waƙa da Hausa, suna buga tulu da caki. Mu da muke kallo daga nesa waƙar kaɗai muke ji. Amma ƙungiya ce mai shugaba, mai sakatariya, mai ma'aji, mai littafin sunaye, kuma suna haɗuwa duk mako. Idan mace ta haihu, kafin ta gama wankan farko labari ya isa wajen shugaba. Za a ware waɗanda za su je barka da sunan ƙungiya, da sabulu da omo da ɗan abin da aka cire daga asusu. Ranar suna fasto ko dattijon coci zai zo da sassafe ya yi addu'a. Bayan wasu makonni mai jego za ta kai jaririn coci, a wasu wuraren a miƙa shi, a wasu a yi masa baftisma, jama'a duka su ga fuskarsa su ji sunansa, a rubuta shi a littafi. Ki lura da wannan: ba sai mai jego tana da dangi a garin ba. Matar ɗan sanda ce da aka yi wa canji daga Numan zuwa Gusau jiya-jiya, ba ta san kowa ba, amma da ta kai takardar shaida daga cocinsu na gida ta sami uwaye da yayye. Mu fa? Baƙuwar da ba ta da kowa a gari, wadda ba ta yi wa kowa biki ba balle a rama mata, wa yake dafa mata ruwan wanka?

To sai aure. Saurayi da budurwa ba sa tashi kawai su ce ranar Asabar za a ɗaura. Sai sun je gaban fasto da dattawa, a tambaye su, a tambayi iyayensu, a zaunar da su makonni ana yi musu karatun zaman aure: kuɗin cefane, dangin miji, fushi, haƙuri, kwanciya, komai. A coci da yawa sai an yi sanarwa Lahadi uku a jere, domin duk wanda ya san wani dalili da zai hana auren ya fito ya faɗa tun kafin a ɗaura. Kuma da yawansu sun daɗe ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini daga asibiti, ta ƙanjamau da ta sikila. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya yawan haihuwar masu sikila. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon, kuma wadda ta taɓa kwana a asibiti da yaro yana ihun ciwon ƙashi ta san abin da nake nufi. Mu a Kano sai a shekarar 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar gwaji kafin aure. Alhamdu lillahi da aka yi, amma yara nawa aka haifa cikin wahala kafin nan, muna cewa gwaji rashin tawakkali ne? Mu abin da muke zaunar da amarya a kai shi ne gyaran jiki da kayan mata da "yi na yi, bari na bari". Ango kuwa ko minti goma ba wanda ya zaunar da shi. Wata uku a ji ya miƙa mata takarda, a ce ƙaddara.

Idan kuma rigima ta tashi a gidan aurensu, akwai inda mace za ta kai ƙara wanda ba gidan ubanta ba, ba kotu ba. Akwai matar fasto, akwai dattawa, akwai waɗanda suka tsaya musu ranar aure. Ba na cewa kullum adalci ake yi, domin na san matan da aka ce su koma su yi haƙuri alhali duka suke sha. Amma dai akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa, kuma mijin ya san za a kira shi.

Sai ciwo. A nan ne masu maganar shinkafa suka fi ba ni haushi, domin da yawansu iyayensu sun sha magani a hannun mishan. Asibitin Vom a Filato tun 1922 yake. Asibitin Wusasa kowa a Zariya ya san shi. Asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar an buɗe shi a 1950, kuma har daga Sakkwato da Illela mutanenmu suke tsallaka iyaka su je. A zamanin da kuturu ba ya samun mai ba shi ruwa da kofin gida, 'yan mishan ne suka riƙe Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, kafin gwamnati ta karɓe su. A Jos akwai sashen masu yoyon fitsari na asibitin ECWA, inda 'yan uwanmu mata da mazajensu suka gudu suka bari saboda wari suke zuwa a ɗinke su. Wani zai ce ai suna yi musu wa'azi a can. Ƙwarai suna yi, ba su taɓa ɓoyewa ba, don haka suka zo. Amma tambayata ita ce, lokacin da yarinya 'yar shekara 15 take zaune a kan tsumma a bayan ɗaki, kowa yana toshe hanci, ina mai maganar shinkafa yake? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Maimakon zagin ƙadangare, a ɗebo ƙasa a liƙe bango mana.

Ban da asibiti, akwai zuwa dubiya. Ranar Lahadi bayan an tashi, ki tsaya a ƙofar kowane babban asibiti ki gani. Ƙungiya-ƙungiya suke shiga, mata da kuloli, matasa da ledar lemo. An raba musu ɗakuna tun daga coci, kowa ya san inda zai je. Wanda ya kwana biyu bai zo sujada ba, akwai wanda aikinsa ne ya je ya ga ko lafiya. Mu ma addininmu ya kwaɗaitar da mu duba mara lafiya, kowace 'yar Islamiyya ta haddace wannan. Bambancin shi ne su sun mai da shi aiki mai jadawali, mu mun bar shi ga wanda ya tuna.

Mutuwa kuwa, a gidan hayar da na zauna na ga abin da ya tsaya mini a rai. Mijin maƙwabciyata, direban wata ma'aikata, ya yi hatsari ya rasu ya bar ta da yara 4, babbar tana aji biyu na sakandare. Danginsu duka suna can kudancin Kaduna. Kafin azahar tsakar gidan ta cika da matan zumunta. Ba su zo su zauna a kawo musu abinci ba, da itacensu da tukwanensu suka zo. Wasu suka kama girki, wasu suka kwashe yaran, biyu suka kwana da ita a ɗaki, washegari wasu biyun suka karɓe su. Maza suka yi ta zirga-zirgar asibiti da akwati da motar da za ta kai gawa gida. Wannan duka bai ba ni mamaki ba, domin mu ma ranar mutuwa ba a bar mu a baya ba, kai wajen gaggauta sutura da sauƙaƙa ta ma babu kamar mu. Abin da ya tsaya mini shi ne bayan wata shida, bayan shekara, har lokacin duk mako sai na ga mata biyu sun yi sallama ɗakinta. Da lokacin biyan kuɗin makaranta ya zo aka yi baiko na musamman. Da Kirsimeti aka kawo mata hatsi da atamfa, domin sunanta ya shiga littafin gwauraye, wato matan da mazansu suka mutu. ECWA har makaranta gare ta a Samaru Kataf ta irin waɗannan mata, inda ake koya musu karatu da sana'a.

Yanzu don Allah mu dubi namu, kada mu ji kunya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar farko gida ba masaka tsinke. Ranar uku a yi gumba a yi waina. Ranar bakwai a watse, a naɗe tabarmi, a mayar da kujerun haya. Daga nan sai mai takaba ta buɗe ido ta ga daga ita sai marayu sai bango. Wata 4 da kwana 10 za ta yi a ɗaki, mai nemowa ya tafi, buhun da aka kawo na gaisuwa 'yan zaman makoki sun cinye shi tun ranar biyar. Wa yake da lissafin masu takaba a unguwarku? Liman ya san adadinsu? Mai unguwa ya sani? Shugabar Islamiyyarku ta sani? Idan mamacin mai kuɗi ne, har arba'in motoci suna layi. Idan ɗan dako ne, matarsa sai ta aika yaro da kwano maƙwabta, ko ta ɗora wa yarinya talla, daga nan kuma kin san sauran labarin, mu marubuta mun gaji da rubuta shi.

Na zo kan addu'a, kuma a nan nake so a buɗe kunne, domin nan ne asirin yake. Suna da addu'ar safe tun duhun asuba, suna da ta tsakiyar mako, suna da ta gida-gida a unguwa inda iyalai kaɗan suke haɗuwa. A cikin irin wannan zama akwai lokacin da ake cewa wa yake da roƙon addu'a. Sai mace ta miƙe ta ce mijina wata biyar ba albashi. Wata ta ce ɗana ya fara shaye-shaye. Wata ta ce shekara takwas ba haihuwa, dangin miji sun sa ni a gaba. Sai a kama sunanta a yi mata addu'a a gabanta, tana ji da kunnenta. Maganar karɓa ko rashin karɓa ba tawa ba ce, kowa da abin da ya yi imani da shi. Abin da idona ya gani shi ne, duk wadda aka ambaci matsalarta a gaban mutum talatin, to mutum talatin sun sani. A cikinsu akwai nas, akwai malamar makaranta, akwai wadda mijinta yake neman direba, akwai wadda ta taɓa shiga irin wannan halin ta fita. Kafin mako ya zagayo wata ta bi ta gida da mudu biyu, wata ta raka ta asibiti. Ita kanta ta sauke dutsen da yake ƙirjinta, ta yi kuka a inda ba za a yi mata dariya ba.

Mu kuma muna da abin da muke kira rufin asiri. Abu ne mai kyau, amma mun ja shi har ya zama likkafani. Mace za ta kwana uku ba a ɗora tukunya ba, ta shafa hoda ta fito ta ce lafiya lau, domin ta san idan ta faɗa wa mutum ɗaya, gobe a gidan kitso za a ji. Muna addu'a dare da rana, muna cewa Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya biya wa mabuƙata buƙatunsu, kowa ya ce amin, alhali mabuƙaciyar tana sahu ɗaya da mu, kafaɗarta tana gugar tamu, ba mu sani ba. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Laifin kuma ba na mai ɓoyewa ba ne, na bakinmu ne da ba ya riƙe amana.

Idan ana so a ga ƙarfin wannan riƙo, a dubi abin da ya faru a Arewa maso Gabas. Cocin EYN, wadda aka fara a Garkida a 1923 a gindin wata tsamiya, ita ta fi kowace coci shan wuyar Boko Haram. 'Yan matan Chibok 276 da aka sace a watan Afrilu na 2014, mafi yawansu 'ya'yan wannan cocin ne. A watan Oktoba na shekarar aka mamaye hedkwatarsu da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanninsu suka yi gudun hijira zuwa Jos. 'Yan uwansu na Amurka suka rarraba sunayen 'yan matan, kowace majami'a aka ba ta suna guda ta riƙa ambata a addu'a. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babban cocin Katolika ga dubban 'yan gudun hijira, Kirista da Musulmi, daga baya ya gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, aka buɗe a 2021, da coci da makaranta, har da masallaci saboda Musulmin cikinsu. To ina tambayar mai maganar shinkafa: mutumin da aka ƙone masa gida da wurin ibada, aka kashe masa ɗa, aka sace masa 'ya, ya kwana a kan dutse, ya sauko bai bar abin da yake kai ba, buhu nawa aka ba shi? Haba jama'a! Ko ba ka yarda da addinin mutum ba, kada ka ce masa kayan sayarwa ne.

Wasu kuma za su ce ai kuɗin Turawa ne. Gaskiya ne Turawa suka kawo, SIM a 1893, SUM a 1904, Dokta Miller ya zauna a Zariya tun 1905, aka gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Gaskiya ne har gobe akan sami taimako daga waje, musamman lokacin bala'i, kamar yadda mu ma muke samu daga ƙasashen Larabawa. Amma ECWA ta tsaya da ƙafarta tun 1954, kuma sabulun da aka kai wa mai jego ba daga Ingila ya zo ba. Daga baikon ranar Lahadi ya fito, daga naira hamsin ɗin mai sayar da ƙosai da ɗari biyun lebura, da damin dawa da manomi yake kaiwa lokacin godiyar kaka. Kuma ba mutum ɗaya yake ƙirga kuɗin a ɗaki ba. Mutane da yawa suke ƙirgawa, a rubuta, a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita. Shi ya sa talaka yake sake bayarwa, don ya ji inda na jiya ya tafi.

Kada kuma wani ya ɗauka na ce can aljanna ce. Suna da nasu ciwon, su da kansu suna kuka da shi. Akwai sababbin masu coci da suka mai da addu'a haja, suna sayar da mai da ruwa da hankici, suna cewa mara lafiya ya bar maganin asibiti, suna tatsar talaka su sayi manyan motoci, kamar dai yadda muke da masu tsubbun da suke cinye sadakin mata da sunan taimako. Akwai jana'izar da ake barin gawa makonni a firij ana tara kuɗin anko da abinci, a binne mamaci a bar iyali da bashi. Akwai dangin miji da suke kwashe kayan gwauruwa tun ƙasar kabari ba ta bushe ba, coci tana kallo. Akwai ƙabilanci, akwai kujerar gaba ta mai kuɗi. Duk na san da wannan. Amma laifi tudu ne, kuma ban ga hikimar tsayawa a kan nawa ina leƙen na wani ba, alhali akwai alherinsa da zan iya koya.

Na san amsar da za a ba ni: ai mu ma muna da namu, har ya fi. Wallahi na yarda, shi ne ma abin da yake ƙona mini rai. Zakka rukuni ce a wurinmu. Haƙƙin maƙwabci, haƙƙin maraya, ciyarwa, waƙafi, babu wanda ba a karantar da mu ba. Muna da FOMWAN tun 1985 da makarantunta da asibitocinta. Muna da 'yan agaji. Kano ta kafa hukumar Zakka da Hubusi da ta Hisba a 2003, an fara auren zawarawa a 2012, a 2023 aka aurar da mata 1,800 a lokaci ɗaya. Muna da irin Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a 2018 ya ɓoye Kiristoci 262 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ce sai dai a fara da shi. Zuciyar alheri ba mu rasa ta ba. Abin da muka rasa shi ne tsari a ƙasa, a lungu, inda talaka take. Hukuma tana can sakatariya, mai takaba tana nan ƙarshen layi, ba ta da kuɗin mota balle wanda zai cike mata fom. Masallacin unguwa kuwa, wanda ya fi kowa kusa da ita, an tara kuɗin tayil da fanka da janareto da lasifika huɗu, amma babu littafi ko na naira ɗari mai ɗauke da sunayen marayun layin. Mata kuma, da yake yawancinmu ba ma zuwa masallacin unguwa, ba mu da inda za mu kai kukanmu sai Islamiyya, ita ma daga hadda sai anko na walimar sauka.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi, kuma ba ya buƙatar gwamna ko ɗan majalisa. Kowace Islamiyyar matan aure ta sayi littafi guda. A rubuta mai ciki, mai jego, mara lafiya, mai takaba, marayu, da tsohuwar da ba ta da mai ɗebo mata ruwa. A zaɓi mata biyar masu riƙon amana waɗanda bakinsu yake da linzami, su ne za a riƙa kai wa kuka a asirce, duk wadda ta fitar da zance a cire ta. A sa asusu, ko naira hamsin ce duk mako, mutum uku su ƙirga, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata. A raba zuwa dubiya da jadawali, yau ku gobe su. Mai takaba kuwa a ɗauke ta tun daga ranar takwas, ranar da kowa yake guduwa, har ta fita, kullum da gidan da zai kai kwano. Rabin abin da muke kashewa a anko da kamu da dina ya isa wannan har ya yi saura.

Malamanmu da limamanmu, Allah ya ƙara muku daraja, ku ma da naku. Kafin ku ɗaura aure ku zaunar da yaron nan ko sau uku ne, ku tambaye shi me ya sani game da riƙon mace. Ku sa kwamitin masallaci ya san gidan da aka kwana ba a ci ba. Kuma idan kun hau mumbari za ku yi maganar 'yan mishan a ƙauyukan Maguzawa, ku haɗa da tambayar sau nawa muka je can da magani, sau nawa muka zauna makokinsu, sau nawa muka ci abinci kwano ɗaya da wanda ya musulunta, ko kuwa har yau muna kiransa tubabbe muna hana shi 'ya.

Maƙwabtanmu Kirista kuma, masu karanta littattafanmu da yawa, na san kuna nan, ku yi haƙuri da abin da na faɗa na ciwonku, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku riƙe Zumuntar Matanku da kyau, kada masu sayar da mai da hankici su lalata muku abin da iyayenku suka gina da tulu da caki.

Wanda ya ji zafin wannan rubutu, ƙofa a buɗe take, ya ɗauki biro ya ba ni amsa, amma kafin ya rubuta ya fara ƙirga mini masu takaba nawa ne a layinsu, da abin da suka ci jiya da daddare. Zumunci a ƙafa yake. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya jiƙan iyayenmu, ya raya mana zuriya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.